Shaidar Ido da Shaidar Kunne: Tarken Labarin Yaƙin Madina na 1812 a Rubutun Burckhardt

Tsakure

Wannan maƙala tana tarken yadda Johann Ludwig Burckhardt ya kawo labarin karɓe Madina daga hannun dakarun Sa'ud ɗan Abdul'aziz a shekarar 1812, tare da gwada riwayarsa da ta Abdurrahman al-Jabarti da ta Usman ɗan Bishr. Ma'aunin da aka yi amfani da shi daga bakin marubucin kansa ya fito, wato abin da ya faɗa a kan Ƙiblatain, inda ya amsa cewa bai je wurin ba, ji ya yi. Maƙalar tana nuna cewa wannan gaskiya da ya riƙe wajen siffanta wurare ta yi rauni wajen ba da labarin yaƙi, kuma raunin ya bar mutanen Madina da baƙin cikinta a bayan fage.

Gabatarwa

Idan aka ce "Yaƙin 1812" a littattafan tarihi na Turanci, yaƙi ɗaya ake nufi, wato wanda Amurka ta ƙaddamar a kan Ingila ranar 18 ga Yuni na wannan shekara. Dalilansa sanannu ne: jiragen yaƙin Ingila suna tare jiragen fataucin Amurka suna kwashe ma'aikatansu da ƙarfi, Ingila ta tsaurara dokokin hana ciniki da Faransa, sannan ga rikicin ƙasa da ƙabilun asali a yammacin Amurka. An ƙone manyan gine-ginen gwamnati a Washinton a watan Agusta 1814, aka sa hannu a yarjejeniyar sulhu a birnin Ghent ranar 24 ga Disamba, kowa ya koma kan iyakarsa ta da. Sunan yaƙin ya cinye shekarar ɗungurungum, sai ka ce ba a zubar da jini a wani wuri ba.

Alhali kuwa a watan Nuwamba na shekarar, daidai da Zulƙida 1227, aka fasa ganuwar Madina da albarushi. Yaƙe-yaƙen biyu ba su rasa zaren da ya haɗa su ba. Sojojin Ingila da ke yaƙar Napoliyon a Fotugal da Sifaniya suna buƙatar abinci, kuma daga cikin wuraren da suka dogara da su akwai Amurka, wadda fatakenta suka ci gaba da kai gari Lizbon da lasisin Ingila ko bayan an fara yaƙi, akwai kuma Masar. Muhammadu Ali Basha, gwamnan Masar, ya sayar wa Turawan Ingila alkama da tsada a waɗannan shekaru, ribar ta ƙarfafa baitulmalinsa a lokacin da yake shirya rundunar Hijaz. Yaƙin Madina, ke nan, reshe ne na hargitsin da ya game duniya a wancan zamani. Abin da ya rage shi ne a duba ta bakin wa labarinsa ya iso ga masu karatu.

Yadda Abin ya Faru a Taƙaice

Madina ta shiga hannun daular Sa'udiyya ta farko, mai hedikwata a Dir'iyya, wajen 1805. Daga 1807 ayarin alhazan Sham da na Masar suka daina isa Makka yadda suka saba, abin da ya zubar da girman Sarkin Santambul, tunda laƙabinsa na mai hidimar Haramai biyu ya zama suna kawai. (A nan sai mai karatu Bahaushe ya yi hattara: Daular Usmaniyya da ake magana ita ce ta Turkawa, ba ta Sakkwato ba.) Sarkin ya ɗora wa Muhammadu Ali aikin ƙwato Hijaz. Shi kuwa sai da ya gama da sarakunan Mamluk a kisan gillar da aka yi a ƙal'ar Alƙahira ranar 1 ga Maris 1811, a wajen bikin naɗa ɗansa Tusun shugaban rundunar, sannan ya tura ta. Tusun bai kai shekara 20 ba. Ya kama Yanbu'u, amma a ƙarshen 1811 Abdullahi ɗan Sa'ud ya tarwatsa rundunarsa a matsatsin kwarin Safra. A 1812 aka ƙaro sojoji da kuɗi, aka saye shugabannin ƙabilar Harb da ke tsare da hanya, Madina ta faɗi a Nuwamba, Makka da Ɗa'if suka biyo baya a Janairu 1813.

Mutumin da Bai Je Ƙiblatain Ba

An haifi Burckhardt a Lausanne ta ƙasar Siwizalan a 1784. Ƙungiyar nan ta Landan mai neman sanin cikin Afirka ce ta ɗauke shi aiki a 1809, da nufin ya bi ayarin Fezzan ya ratsa Sahara ya iso Kogin Kwara. Ƙasar Hausa da maƙwabtanta aka aiko shi, Hijaz ratse ne kawai. Ya koyi Larabci a Halab, ya ɗauki sunan Shaihu Ibrahim ɗan Abdullahi, ya sauka Jidda daga Suwakin a Yuli 1814, ya yi aikin Hajji a wannan shekara, ya isa Madina a ƙarshen Janairu 1815. Kenan ya shigo garin ne bayan shekara biyu da 'yan watanni da faɗuwarsa. Zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi mafi yawan watanni ukun da ya yi a can, kuma shi da kansa ya faɗa cewa bayaninsa kan Madina bai kai na Makka cika ba.

A littafinsa Travels in Arabia (1829), wajen lissafa wuraren ziyara na kewayen gari, ya zo kan Ƙiblatain. Wurin yana arewa maso yamma da Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kimanin kilomita 4 zuwa 5, a tsohuwar unguwar Banu Salama da ke gefen duwatsun Harra ta yamma. Nan ne riwaya ta danganta da juya alƙibla daga Baitul Muƙaddas zuwa Ka'aba a shekara ta 2 bayan Hijira. Alhazan Kano da Maraɗi da ake kaiwa ziyara a motocin safa a yau suna tarar da farin gini mai hasumiya biyu da ƙubba biyu, wanda aka sake ginawa a 1987 bisa zanen maginin Masar Abdulwahid al-Wakil. Burckhardt bai ga ko na zamaninsa ba. Ya rubuta abin da aka gaya masa, cewa wasu ginshiƙai biyu ne marasa ado, kuma a tsakiyar jimlar ya tsaya ya sanar da mai karatu cewa shi bai gan su da idonsa ba.

Wannan ɗan tsaiko yana da daraja fiye da tsawonsa. Matafiyi da ya yi nisa da masu iya ƙaryata shi, yana rubutu ga mutanen da ba za su taɓa shiga Madina ba, da ya so ƙawata wurin da ƙarya babu mai kama shi. Ya zaɓi ya raba gani da ji. Malaman hadisi da na tarihi a duniyar Musulmi sun daɗe da wannan ladabi, tunda sukan bambanta wanda ya ce ya gani da wanda ya ce an ba shi labari, kuma almajirin da ya karanta Musɗalahul Hadisi a zaure zai gane abin da Baturen nan ya yi nan take. Saboda irin wannan hali ne manazarta suka amince da shi. Matsalar ita ce amincewar da ya samu a kan ginshiƙai biyu ta bi shi har fagen da bai cancance ta ba.

Labarin Yaƙin da Muryarsa

Labarin yaƙin yana cikin wani littafinsa, Notes on the Bedouins and Wahábys (1830). Nan salon ya sauya. Ahmad Aga, ma'ajin Muhammadu Ali, wanda ake yi wa laƙabi da Bonabarta, ya kewaye gari. Aka haƙa rami ƙarƙashin ganuwa aka cika shi da albarushi, bango ya rushe, sojoji suka kutsa. Burckhardt ya ce an kashe mutanen Najdu kimanin 1,000 a kan tituna, wasu 1,500 suka fake a ƙal'ar da ke kan dutse a kusurwar gari, suka yi mako uku har abinci ya ƙare. Aka ba su amana a kan za su fita da kayansu, aka yi musu alkawarin raƙuma 300, da suka fito sai suka tarar da 50, suna barin gari kuma sojoji suka bi su suna kisa da kwace.

Labarin yana tafiya sumul, lamba na bin lamba, ba tare da marubucin ya riƙa tsayawa a kowace gaɓa ya ce wane ne ya ƙirga gawa dubu a titi, ko wa ya ƙidaya raƙuman ba. Mai karatu yana jin muryar wanda ya tsaya bisa ganuwa yana kallo, alhali a watan Agusta na 1812 mutumin yana kudancin Sham yana leƙa kangon Petra, a Nuwamba kuma yana Masar. Duk abin da ya sani ya tattaro shi ne daga baya, a Hijaz da ke hannun sojojin Muhammadu Ali, daga bakin Turkawa da 'yan kasuwa da Larabawan ƙauye waɗanda kowannensu yana da abin da yake tsoro ko yake fata. Ba laifi ba ne marubucin tarihi ya dogara da ji, domin mafi yawan tarihi haka yake samuwa. Laifin shi ne a narkar da maruwaita da yawa a cikin murya ɗaya har a rasa gane wanda ya ce me.

Dole a yi masa adalci ta fuska biyu. Da fari, bai ɓoye cin amanar da aka yi wa mutanen ƙal'a ba, ko da yake Muhammadu Ali ya karɓi baƙuncinsa a Ɗa'if. Ya ma nuna cewa wannan cin amana ya ɓata sunan Turkawa a wurin ƙabilun Hijaz. Na biyu, ya ƙi yarda da farfagandar Santambul cewa mutanen Najdu sun zo da sabon addini ne. Ya bayyana su a matsayin masu tsananta riƙo da abin da ke cikin Alƙur'ani da Sunna, duk da cewa ya auna su da ma'aunin rikicin ɗarikun Kiristocin Turai, wanda bai dace da su sosai ba.

Akwai wuri ɗaya a labarin da tsohon halinsa ya dawo, kuma shi ne wuri mafi ƙarfi a cikinsa. Ya ce Ahmad Bonabarta ya tara ƙoƙunan kan waɗanda aka kashe ya gina wata irin hasumiya da su a bakin hanyar Yanbu'u, ya sa masu gadi. Sannan ya ƙara da cewa Larabawan ƙauye, har da mutanen Madina kansu, sun riƙa ɗauke ƙoƙunan kaɗan-kaɗan, ta yadda da ya iso a 1815 'yan kaɗan suka rage. A nan an san iyakar ji, an san inda gani ya fara. A nan ne kuma kaɗai mutanen gari suka yi wani abu da ya nuna zuciyarsu. Mutane ne da, a cewarsa, dakarun Najdu suka fitar da su daga cikin ganuwa kafin kewayewa, suka kuma goyi bayan Turkawa, amma duk da haka ba su yarda a bar kawunan Musulmi a tule a ƙofar garin Manzo ba. Marubucin ya ba wannan jimla ɗaya ya wuce.

Gwarzon da Aka Zaɓa

Wanda ya samu fili shi ne Thomas Keith. Mutumin Edinbara ne ta ƙasar Sukotlan, maƙerin bindiga a rundunar Ingila da ta kai wa Masar hari a 1807 ta sha kashi a kusa da Rashid. Aka kama shi, ya musulunta, aka sa masa suna Ibrahim Aga, ya shiga hidimar Tusun har ya zama ma'ajinsa. Burckhardt ya ce yana cikin 'yan tsirarun da suka tsaya da Tusun ranar da runduna ta watse a Safra, ya ce shi ne ya fara hawa ɓaraguzan ganuwar Madina, daga baya aka ba shi riƙon garin na ɗan lokaci a 1815, aka kashe shi a ƙasar Ƙasim a wannan shekara.

Labari ne mai daɗi, kuma babu dalilin musun ginshiƙinsa. Abin dubawa shi ne aikin da yake yi a cikin littafin. A yaƙin da dubban Albaniyawa da Turkawa da Magaribawa da Larabawa suka gwabza, mutumin da aka ba tarihin rayuwa tun daga garinsu har kabarinsa shi ne wanda mai karatu a Landan zai iya ɗauka a matsayin ɗan'uwa. Jaruntarsa ta zama madubin da ake nuna ragwantar sauran hafsoshi. Sakamakon wannan zaɓi ya daɗe: a 1987 marubuciyar Ingila Rosemary Sutcliff ta gina ƙagaggen labarinta Blood and Sand a kan Keith, kuma masu karatun Turanci da yawa ta nan kawai suka san an yi yaƙi a Madina. Irin wannan ne ya faru da yaƙin Amurka da Ingila, inda aka daɗe ana ba da labarin janar-janar na ɓangarori biyu, ƙabilun asali kuwa, waɗanda suka fi kowa asara bayan kashe jagoransu Tecumseh a 1813, suka zama ado a gefen hoto.

Alƙahira da Najdu

Idan aka juya ga marubutan Larabci biyu, sai a tarar su ma babu wanda ya ga faɗuwar Madina. Al-Jabarti (1753–1825) yana Alƙahira, kuma abin da ya gani da idonsa shi ne isowar masu bushara da harbin igwa da wucewar mabuɗan Madina zuwa Santambul. Bambancinsa da Burckhardt shi ne tsarin Aja'ibul Asar na bin kwanaki da watanni yana tilasta masa ya ce labari ya zo ranar kaza, don haka mai karatu ba ya mantawa cewa labari ne ya zo. Bayan kashin da aka sha a Safra ya kawo maganar wani babban hafsa da ya gaya masa cewa nasara ba za ta samu ba ga rundunar da ke tafe da akwatunan giya, wadda ba a jin kiran salla a sansaninta, alhali abokan gaba suna jeruwa sahu bayan limami ɗaya ko a tsakiyar faɗa. Ana yawan kafa hujja da wannan wuri. Sai dai al-Jabarti yana da tasa ƙullalliya da Muhammadu Ali da sojojinsa, waɗanda suka gallabi mutanen Alƙahira, kuma yabon mutanen Najdu a bakinsa sanda ce ta dukan na gida. Ba banza ba littafin bai samu fitowa a ɗab'i cikakke ba sai a Bulaƙ wajen 1880.

Ibn Bishr, mai Unwanul Majd fi Tarikhi Najd, an haife shi a Jalajil a 1795, yana da shekara 17 lokacin yaƙin, ya kuma rubuta littafinsa bayan rushe Dir'iyya a 1818. Ɓangarensa yake kira Musulmi, rundunar Masar kuwa Turkawa ko Rumawa, mutanen Madina kuma suna fitowa ne a matsayin waɗanda suka karkata ga abokan gaba. Ya ce masu tsaron garin sun kai 7,000, waɗanda suka halaka kuma kimanin 4,000, tsakanin kisa da annoba. Tazarar da ke tsakanin lissafinsa da na Burckhardt ta isa ta sa a yi taka-tsantsan da duka biyun. Ambaton annoba da katse ruwa a riwayarsa yana bayyana abin da labarin ramin albarushi shi kaɗai bai bayyana ba, wato yadda runduna mai wannan yawa ta kasa riƙe gari mai ganuwa.

A wannan shekara ta 1812 Muhammadu Bello ya kammala Infaƙul Maisur a ƙasar Hausa, yana fuskantar tambayar da ta yi kama da ta Hijaz, wato da wace hujja Musulmi zai yaƙi Musulmi. Bello ba ɗan kallo ba ne, yana da ɓangare, kuma ya rubuta ne don ɓangarensa ya yi rinjaye. Duk da haka ya shigar da wasiƙun Shaihu Muhammadul Amin al-Kanemi na Barno a cikin littafinsa, ya bar abokin jayayya ya yi magana da bakinsa kafin ya ba shi amsa. Shi ya sa manazarci a yau yake iya karanta hujjar al-Kanemi daga littafin wanda yake sukarsa. A labarin faɗuwar Madina babu ɗaya daga cikin marubutan uku da ya bai wa mazaunin garin irin wannan dama.

Takari a Gefen Shafi

Daga cikin mazauna Hijaz da Burckhardt ya lura da su akwai alhazan Afirka da Larabawa ke kira Takarir, kalmar da ta zama Takari a bakin Hausawa. Ya haɗu da su a hanyar Suwakin, ya kuma siffanta rayuwarsu a Jidda da Makka: dako, da sharar gidaje, da ɗebo itace, da gina ƙananan murhun yumɓu don sayarwa, ya yaba musu da cewa sun fi son aiki a kan bara. Wannan shaidar ido ce, kuma tana da amfani ga duk mai nazarin tarihin hanyar Hajji ta ƙasa. Amma a labarin yaƙin sun ɓace. Matalauta da ke rayuwa a kan hidimar alhazai su ne farkon waɗanda tsayawar ayari da tsadar abinci da wawashe gari za su taɓa, kuma mutumin da aka aiko musamman don ya san ƙasashensu yana da dalilin da zai zauna da su ya tambaye su abin da suka gani a 1812. Ya tambaye su hanyoyi da zangon ayari, domin abin da iyayen gidansa a Landan suke biya ke nan.

Wani kaso na alhakin ba a wuyansa yake ba. Burckhardt ya rasu a Alƙahira a Oktoba 1817, yana da shekara 32, yana jiran ayarin Fezzan da bai tashi ba. Sashen da ya ƙunshi yaƙin ya sa masa suna mai nuna cewa kayan aiki ne aka tara don mai rubuta tarihi, ba tarihin ba. Sir William Ouseley ne ya shirya takardun ya fitar da su shekara 13 bayan rasuwarsa, lokacin da Dir'iyya ta zama kango, Tusun da Keith da Abdullahi ɗan Sa'ud duk sun mutu. Marubutan da suka biyo baya suka kwafi gawa 1,000 da raƙuma 50 daga littafi zuwa littafi, suka bar sunan sashen a baya.